Ƙasar Gindin Ɓaure

Horo Birni, Shagari
5 ga Oktoba

Zuwa ga ɗiyata Bahijja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Zayyanu da aikin ofishin gona. Mu nan sai godiya. An yanke gero, dawa na kan hanya. Innarki na gaishe ki.

Kin san ni da waya. Maganar waya iska ke tafiya da ita, gobe mutum ya ce bai faɗa ba. Shi ya sa na zauna na rubuto, na ba Bala direba ya kawo maki hannu da hannu.

Abin da ya sa ni rubutu shi ne ɓaurenmu. Tun tsakiyar damina ganyensa ya fara fitar da baƙin ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo da rawaya kewaye da shi. Kwana kaɗan ganyen ya bushe ya zube. Da a lambuna kaɗai abin ya tsaya da ban damu kowa ba. To sai ga shi duk dashen da na ba mutane bara da bana ya kamu, gida talatin da ɗaya, har da huɗu da na kai garin Danchadi da kaina.

Ba sai na tuna maki ko wace bishiya ce wannan ba. Kakanki ya zo da ita daga Azbin tana reshe ɗaya, naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, yana raba ruwan shansa da ita a hanya. Ba irin ɓauren daji ba ne da za ka ɓare ka tarar da ƙwari sun riga ka. Duk ɓauren ci da ke ƙasar Shagari ɗanta ne ko jikanta, kuma ta hannuna ya bi. Shekara hamsin ina dashe ba a taɓa dawo mani da ko ɗaya ba.

Shekaranjiya Sarkin Noma Muhammad Sani ya tara masu lambu a ƙofar gidansa. Idi mai albasa, wanda lambunsa ke maƙwabtaka da nawa, ya tashi ya ce, "Ranka shi daɗe, iccen ga shi ka haihuwar ciwon nan. In munka bar shi, albasa za shi kamawa, mu tashi a tutar babu." Idin da ya ci 'ya'yan bishiyar nan tun ba shi da wando! Mutane suka yi ta gyaɗa kai. Sarkin Noma ya yanke cewa Juma'ar ƙarshe ta Nuwamba, kafin a gama dashen albasa, za a sare ta a ƙone, sai fa in an kawo hujjar da ta hana.

Na ce masu hujja na nan tafe daga Bodinga. Na ce ina da ɗiya da ta karanci cutar tsirrai a jami'a, ba ji-ta-ji-ta take aiki da shi ba.

Saboda haka abu biyu nake so. Ki aiko mani da maganin feshi mai ƙarfi. Sannan ki rubuto takarda, ki buga mata hatimin ofishinku, ki ce uwar ɓauren Ɗantani lafiyarta lau. Ni dai zargina rijiyar Idi ce, tun da ya sa mata injin ban yarda da ruwan ba.

Allah ya yi maki albarka.

Mahaifinki,
Ɗantani


Bodinga
8 ga Oktoba

Zuwa ga Babana abin alfaharina,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da ladabi, tare da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da Inna da duk mutanen gida. Zayyanu ya ce in miƙa gaisuwarsa.

Wasiƙarka ta iso ni, kuma ta tayar mani da hankali. A ƙarƙashin bishiyar nan na koyi tafiya. Ba zan zauna ina kallo a kai mata gatari ba.

Sai dai Baba, ka yi haƙuri, ba zan iya buga hatimi a kan abin da ban duba ba. Kuma maganin feshi sai an san ciwo, kada mu yi ta zuba wa ganye guba a banza. Ga abin da nake roƙo ka aiko ta hannun Bala, kowanne a ledarsa daban, ka rubuta sunansa a jiki: ganye mai ɗigo daga ƙasa-ƙasan bishiyar, ganye daga can ƙololuwa, ƙasar gindinta, ƙasar tsakiyar lambu, da ruwan rijiyar Baba Idi a kwalba mai tsabta. In da hali ka haɗo da ganye da ƙasa daga gida biyu cikin waɗanda suka kamu. Zan kai su ɗakin gwaji a Sakkwato da kaina.

Tambaya ɗaya kuma. Har yanzu kana yi wa dashe guzuri kamar yadda ka saba muna yara?

Allah ya ƙara girma da nisan kwana.

Ɗiyarka,
Bahijja


Horo Birni
11 ga Oktoba

Ɗiyata,

Bayan gaisuwa. Ga ledojinki nan guda tara. Ni da kaina na hau na tsinko na ƙololuwa, Innarki na ƙasa tana salati. Ruwan Idi kuwa sai da muka yi ka-ce-na-ce kafin ya bari na ɗiba, wannan kaɗai ya ishi mai hankali ya gane wani abu.

Kina tambayar guzuri, sai ka ce baƙuwa. Yaushe na taɓa fasawa? Duk reshen da ya bar lambuna sai na damƙi ƙasar gindin uwarsa cikin tafi ɗaya na zuba a raminsa, don kada ya yi kewar gida. Haka kakanki ya yi, haka ya koya mani. Sannan in nuna wa mai gida yadda ake ban ruwa: a cika ƙwarya a watso daga sama, safe da yamma, ganye ya sha, ƙasa ta sha. Shi ne sirrin da ya sa dashena ke kamawa na wasu na mutuwa. Mutane na cewa hannuna ke da albarka, ni kuwa ba na musu.

Ki hanzarta da takardar. Idi ya fara wasa gatarinsa a inda zan gani.

Mahaifinki,
Ɗantani


Bodinga
22 ga Oktoba

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, ina kuma roƙon ka karanta wasiƙar nan har ƙarshe kafin ka yanke mani hukunci. Sau uku ina rubuta ta ina yagewa.

Zan fara da mai daɗin. Bishiyarmu ba ta cancanci sara ba. Ganyen ƙololuwa da ka aiko babu komai a jikinsa, ciwon bai shiga cikin itacen ba. Na kuma gwada shi a kan ganyen albasa har kwana bakwai, bai kama ba. Albasar mutane ba ta cikin haɗari. Ruwan Baba Idi shi ma lafiyarsa ƙalau, ka daina zarginsa.

Abin da ke sa ɗigon wata ƙwayar cuta ce, irin wadda muke kira bakteriya. Ido ba ya ganinta sai da madubin gwaji. A ƙasa take zaune. Idan ruwa ya faɗo da ƙarfi ya fantsama laka a kan ganye, sai ta samu hanya ta shiga ta fara ci. Shi ya sa rassan ƙasa ke kamuwa, na sama su tsira.

Baba, na same ta a ƙasar gindin bishiyarmu, da yawa. Ban same ta a tsakiyar lambu ba. Na same ta kuma a ƙasar gidajen nan biyu, iri ɗaya sak. Ba iska ta kai ta can ba, ba kuma reshe ba. Guzuri ne ya kai ta, ban ruwa da ƙwarya daga sama kuma ya ɗora ta a kan ganye.

Ban ce ka yi shekara hamsin kana raba cuta ba. Ƙasar ta daɗe da tsabtarta, shi ya sa ba a taɓa dawo maka da dashe ba. Ina kyautata zaton ambaliyar da ta shiga fadama shekara biyu da suka wuce ce ta kawo ta, amma wannan zato ne, ban tabbatar ba.

Akwai abin yi. A datse rassan da ke kusa da ƙasa, a share ganyen da ya zube a ƙone. A rufe gindin da karan gero don kada laka ta tashi. A riƙa zuba ruwa a hankali a saiwa, a daina watso shi daga sama. Sabon dashe kuma a yanko shi daga ƙololuwa, a dasa a ƙasar da aka gasa da wuta ta huce. Cutar ba za ta ƙare rana ɗaya ba, amma bishiyar za ta rayu.

Ga inda abin ya fi yi mani nauyi. Ba zan iya rubuta cewa babu cuta ba. Takardar da zan iya rubutawa za ta ceci bishiyar, amma dole ta faɗi yadda cutar ta isa gida talatin da ɗaya, don in ba a faɗa ba za su ce bishiyar ce ke aikawa. In ka yi shiru za a sare ta, mutane su ce tsufa ne ya kama ta, sunanka ya zauna yadda yake. In ka kai takardar bishiyar za ta tsaya, amma kowa zai san ta hannun wa abin ya bi. Ba zan aika wa Sarkin Noma komai a bayan idonka ba.

Ka gafarce ni in na yi maka rashin kunya. Wallahi da kuka na rubuta.

Ɗiyarka mai biyayya,
Bahijja


Horo Birni
20 ga Nuwamba

Bahijja ɗiyata,

Salamu alaikum. Gwaggonki Kulu ce. Ina gaishe ki, ina gaida mijinki. Ki yi haƙuri da rubutuna, na makarantar manya ne, layi ba ya tsaya mani.

Na ji kin kira ubanki sau ban san adadi ba bai ɗauka ba, kin aiko wasiƙa biyu bai ba da amsa ba. Innarki ta ce har kin rame. Na ce to ni ba zan zauna ina kallon uba da ɗiya suna gasar taurin kai ba, tunda na san inda kowannenku ya gado shi. Ni ƙanwarsa ce, ciki ɗaya, ba abin da ban sani ba.

Ranar da Bala ya kawo takardarki, gidana ubanki ya zo, ko sallamar kirki bai yi ba. Yana kaɗa ta a sama yana cewa, "Ɗiyad da nih haihwa, ita ka ce min hannuna na da cuta? Ni, Ɗantani? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba shi ganinai!" Na ce to ai ita ba rimi ta hau ba, madubi ta duba. Ya harare ni ya fita.

Bayan kwana biyu sai ga shi da buhun ƙasa a kan keke. Ya ce, "Kulu, hura wuta ki soya min ƙasag ga." Na ce, "Mi za ka yi da soyayyar ƙasa, ko yunwa ta?" Ya ce, "In nuna ma ɗiyakki ƙaryar gilashi." Bahijja, shekara arba'in ina suyar gyaɗa a kaskon nan ina yin ƙuli-ƙuli, ban taɓa zaton zan tsaya ina juya ƙasa a ciki ba. Maƙwabta suka leƙo suna tambaya, na ce kaskon nake gyarawa.

Ya je ya yanko reshe goma sha biyu daga can saman bishiyar, duk tsawo ɗaya, har da gwadawa da kara. Ya samo tsoffin tukwane goma sha biyu ya jera mani a bayan ɗaki inda ba mai gani. Shida ya dasa a soyayyar ƙasa, yana zuba masu ruwa a gindi da butar alwala, yadda kika rubuta. Shida ya yi masu guzurinsa, yana watsa masu ruwa da ƙwarya. Ya ce ranar Juma'ar taro zai ɗauki nasa shidan, kore shar, ya aje gaban Sarkin Noma, sannan ya aiko maki da ɗaya ki gani da idonki. Kullum safe da yamma yana nan. Akuyata ta matsa kusa sau ɗaya, saura kaɗan ya kai ta kasuwa.

Duka goma sha biyun sun kama, don hannun ubanki dai hannu ne, ko maƙiyinsa ya san haka. Sun yi ganye gwanin sha'awa. Ya riƙa shigowa yana waƙa.

To ranar Litinin da ta wuce ya shigo da safe, na ji shiru. Na leƙa na same shi tsugune. Uku cikin nasa sun fitar da ɗigon. Jiya ya zama biyar, yau da safe duka shidan. Naki kuwa ko tabo babu, sai sheƙi suke. Ya juya ganyensu ɗaya bayan ɗaya yana neman ko da ƙwaya ɗaya, bai samu ba.

Ya zauna a kan turmina tun hantsi har aka kira azahar. Na kai mashi fura bai taɓa ba. Can ya ce, ba ni yake kallo ba, "Gida talatin da ɗaya, Kulu. Da hannuna nik kai musu." Ban taɓa jin muryarsa haka ba tun rasuwar babanmu.

Ban san abin da zai yi ba. Kin san sunan nan na mai hannun albarka shi ne rigarsa, ba shi da wata. A masallaci da shi ake nuna shi, in an yi baƙi gidansa ake kai su. Idi kuma jira yake. Na tambaye shi ko zai faɗa a taron, ya ce in kula da kaskona. Saura kwana takwas.

Abin da na sani shi ne takardarki na cikin aljihun gaban rigarsa, ta yi laushi don buɗewa. Kada ki ce na faɗa maki komai, zai ce na tona shi. Amma ni dai na yi alfahari da ke, na kuma faɗa.

Ki ci abinci.

Gwaggonki,
Kulu


Bodinga
23 ga Nuwamba

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ladabi, ina fatan kana lafiya.

Ga takardar nan a cikin ambulan, da sa hannuna da hatimin ofis. Abin da na gani kawai na rubuta, ban ƙara ba ban rage ba. Kofi ɗaya ne, ban ba kowa wani ba. In ka ga dama ka kai, in ka ga dama ka sa a wuta, ba zan taɓa tayar da maganar ba.

Abu ɗaya nake so ka sani. A ɗakin gwaji sun tambaye ni wa ya ɗebo samfurin nan, don ba su saba ganin an raba shi da tsabta haka ba. Na ce mahaifina ne, manomi a Horo Birni, kuma a wurinsa na fara koyon duba bayan ganye kafin in san akwai wani abu wai shi jami'a. Ko me ka zaɓa ranar Juma'a, wannan ba zai canza ba.

Allah ya ja da ranka.

Ɗiyarka,
Bahijja


Horo Birni
29 ga Nuwamba

Ɗiyata Bahijja,

Wa alaikumus salam. Bishiya na nan tsaye.

Jiya bayan an sauko daga Juma'a na ɗora tukwanen nan goma sha biyu a amalanke. Na san Kulu ta ba ki labarinsu, bakinta ba ya riƙe ruwa. Na jera su gaban Sarkin Noma, shida dama shida hagu, na faɗi yadda na dasa kowanne. Sannan na miƙa takardarki aka karanta da ƙarfi, ban ce a tsallake ko layi ɗaya ba.

Idi ya ce, "Ashe hannunka na, Ɗantani." Na ce, "Hannuna na." Wasu suka yi dariya. Ta yi mani zafi, ba zan ɓoye maki ba, amma ban sunkuyar da kai ba. Na kuma nemi gafararsa a kan rijiya.

Sarkin Noma ya daɗe yana juya ganyen, sannan ya ce a maida gatari gida. Ya ce, "Wa yag gano wanga abu da ido ba ya gani?" Na ce, "Ranka shi daɗe, ɗiyata ta." Ya ji sarai, amma sai da na sake faɗa don na baya.

Na yi alkawari a gaban jama'a zan bi gida talatin da ɗayan nan in kwashe ƙasar da na zuba, in sake masu dashe. Da na Danchadi zan fara, ranar Laraba. Ki nemi izini a ofis da wurin Zayyanu, ki jira ni a tashar Bodinga da safe. Ni in yi tono, ke ki yi masu bayani. Ki sako farar rigar nan taku ta aiki, ina so su gan ki da ita.

Allah ya yi maki albarka.

Mahaifinki,
Ɗantani